Bawul Na Huɗu

Ranar da sanyin Disamba ya sauka a Naju, Seok Du-man ya shigo ɗakin mahaifiyarsa da tukunyar fure a kowane hannu, ya ajiye su gindin taga, ya koma ya ɗauko wasu. Mahaifiyar, Mal-sun, na zaune kan shimfiɗarta a ƙasa tana binsa da ido. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma ta daɗe da sanin cewa in ɗan nan nata ya shigo da murmushi tun da safe, to wani abu ya zo karɓa. Kafin rana ta take, tukwane arba'in da biyu sun hau kantoci uku sun cinye rabin ɗakin.

"Omoni, baƙi na kawo miki," in ji shi, da kalmar da ake kiran uwa a yarensu, yana share gumi. "Kin huta da zaman kaɗaici."

"Baƙin da ba sa gaisuwa? Me ya koro su daga baranda?"

"Barandar ta yi musu sanyi bana, daskarewa za su yi. Tagarki ce kaɗai ke kallon gabas. Wata uku ne kawai."

Furen okid ne, irin na daji da mazan garin ke haukacewa a kansa da zarar gashinsu ya fara fari. Sai ya yi barcin hunturu a wuri mai sanyi, ba ƙanƙara ba, ba kuma ɗumi ba, in ba haka ba ba zai buɗe a watan Maris ba, lokacin gasar. Shekara uku Du-man yana zuwa na biyu, kuma shekara uku mutanen gidan suna shan labarin rashin adalcin alƙalan gasa tare da shinkafar safe.

Da ya gama jera su ya wuce kicin. Mal-sun ta ji an ture tukwanen girki a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sannan ta ji ɗan ƙaran ƙarfe, ƙiii. Ta san me ke wajen. Boila, tukunyar gas ɗin da ke maƙale a barandar baya, ita ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututun da ke bin ƙarƙashin daɓen kowane ɗaki, kuma kowane ɗaki da bawul ɗinsa mai buɗe ruwan ko rufe shi, a jere a can ƙasan, guda huɗu. Na huɗun nata ne. Kafin yamma daɓen da take zaune a kai ya huce, sanyin siminti ya fara ratsa katifa yana neman ƙashinta.

A makon farko ta ƙara safa a kan safa. Du-man kuwa bai taɓa fashin gaida ta ba, gaskiya dai gaskiya ce. Kullum ƙarfe bakwai yakan shigo ya rusuna, ya ce, "Omoni, kin tashi lafiya?" idonsa na kan ma'aunin zafin da ya rataye tsakanin tukwane. In ya ga digiri bakwai sai fuskarsa ta washe. Ya kuma ba ta aiki: ta buɗe taga kamar faɗin yatsa uku daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, ta juya tukwanen layin sama kowace Talata, ta taɓa tsakuwar cikinsu ta gaya masa wadda ta bushe. Ya ce aiki na hana tsoho mantuwa, a talabijin ya ji.

Tana da tabarmar lantarki mai ɗumama shimfiɗa, tsohuwa, mai zanen furanni. Kwana uku tana kunna ta, a na huɗu ma'auni ya nuna sha ɗaya. Du-man ya tsaya yana kallonsa kamar an aiko masa da mugun labari, sai ga matarsa Hyang-mi ta shigo ta naɗe tabarmar ta sa a hammata, tana kiranta da sunan girmamawa na uwar miji.

"Omonim, irin wannan ce ke cinye gidaje da wuta. In wani abu ya same ki da wane ido za mu kalli mutane?"

"Shekara tara ina kwana a kanta, uwar Da-som."

"To kin gani? Ai ta tsufa ke nan."

Falo ma ba wurin gudu ba ne. Hyang-mi tana da piyano baƙi, wanda take bita da shi don ƙungiyar mawaƙan coci, kuma mai gyaran piyano ya taɓa gaya mata zafin daɓe na busar da katakonsa. Tun daga ranar bawul ɗin falo ke buɗe kaɗan, kamar idon mai gyangyaɗi. Ɗakin Da-som, jikar Mal-sun, a kulle yake tun da ta tafi jami'a a Seoul, bawul ɗinsa a rufe. Ɗaki ɗaya ne a gidan nan ruwan zafi ke shiga da ƙarfinsa, na maigida da uwargida, inda Hyang-mi ke murɗa zafin har ƙarshe ta kwanta ta gasa bayanta, don tana fama da ciwon ƙugu, kuma nata ciwon kowa ya san da shi.

A mako na uku tari ya kama Mal-sun. Da farko busasshe ne, daga baya ya sauka ƙirji. Rigar sanyin da take zuwa kasuwa da ita ta zama rigar zaman ɗaki, ta zama rigar barci. Yatsunta suka daina jin tsakuwar tukwane, sai ta sa a baki ta hura kafin ta taɓa. Da Du-man ya ji tarin ya sa aka dafa mata shayin citta.

"Ku da kuka tashi a zamanin da ruwa ke daskarewa a kwano cikin ɗaki, wannan har sanyi ne?" ya ce yana dariya. "Jikinku ƙarfe ne, Omoni. Mu ne ragwaye. Amma dai in za ki yi tarin ki ɗan juya bango, kada ya sauka a kan ganye."

Ta juya bango. Abin da ya fi sanyin ci mata rai shi ne yadda ta sami kanta tana ba shi uzuri a zuci, tana cewa yaron yana da burinsa, namiji in ba shi da abin da ya sa a gaba lalacewa yake yi. Yaron nan kuwa shekararsa hamsin da takwas.

Ana cikin haka boila ta fara nata. Wata safiya aka ji ta tana gurnani a baranda kamar tukunyar da aka manta a wuta, ta buga ƙwas-ƙwas sau uku, ta yi shiru. Jar fitila ta kama ƙyaftawa a ɗan allon da ke bangon falo, da lambar da ke nufin zafi ya wuce kima. Cikin awa guda daɓen ɗakin Hyang-mi ya fara hucewa, gidan ya kaure da ihunta.

"Baban Da-som! So kake in shanye? Kira su yanzu, yanzun nan!"

Kafin ƙarfe biyu mai gyara ya iso. Ya wuce baranda kai tsaye, ya buɗe cikin boilar, ya ce na'urar gwada zafin ce ta ruɗe, ya sa sabuwa. Kwana uku aka samu lafiya, a na huɗu jar fitila ta dawo. Aka turo wani, wannan ya ce famfon da ke tura ruwan ne ya gaji, ya canza shi, ya wanke matatar ruwan, ya sha kofi, ya tafi. Kwana biyar, sai ƙwas-ƙwas-ƙwas. Du-man ya ɗauki waya ya zazzage wa kamfanin duk abin da ke bakinsa.

"Kun san akwai tsohuwa 'yar shekara tamanin a gidan nan? In sanyi ya yi mata illa ku za ku ɗauki alhaki!"

Mal-sun na jinsa daga ɗaki, cikin rigar kasuwa, da bargo biyu a kafaɗa. Ta so ta yi dariya, tarin ya riga ta.

Na ukun da aka turo dattijo ne gajere mai suna Tak, wanda ake ajiyewa don gidajen da suka gagari kowa. Bai taɓa sukurun boilar ba. Ya sa aka kunna ta, ya tsaya yana saurare, ya dafa bututun da ke fita ya janye hannu da sauri, ya dafa wanda ke dawowa ya daɗe riƙe da shi. Sai ya ajiye jakarsa ya shiga zagaya gidan da safa, a hankali, yana jan ƙafa kamar mai neman allurar da ta faɗi. A falo ya tsaya ya ɗaga gira. A bakin ɗakin maigida ya ɗage ƙafa ɗaya ya ce, "Kai, nan ai sai a soya ƙwai." Ya gwada ƙofar Da-som ya ji ta a kulle. Ya nufi ta ƙarshe.

"Injiniya, can ba komai," Du-man ya yi saurin cewa. "Tsohuwata ce ke hutawa."

"Zan gaishe ta ke nan."

Ya ƙwanƙwasa, ya tura, ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya tsaya cak. Mal-sun ta ga idonsa ya bi kantocin fure, ya bi tagar da ke buɗe yatsa uku, ya sauko kanta. Numfashinta na fita da hayaƙi. Kunya ta rufe ta, irin kunyar wanda aka shigo wa yana tsakiyar sauya kaya.

"Kaka, sannu da hutawa. Tun yaushe ɗakin nan yake haka?"

A bayan kafaɗarsa tana hango Du-man, tana kuma hango bangon falo, inda takardar yabo ke rataye cikin gilashi, wadda ƙungiyar unguwa ta ba shi shekara biyu da suka wuce, ta ɗa mai riƙon mahaifiya. Fuskar ɗanta ta yi ja har kunne. Baƙo na tsaye, baƙon da gobe zai shiga wasu gidaje goma a garin nan da bakinsa.

"Ni na ce a rufe bawul ɗin," in ji ta. "Zafi na sa min jiri."

"Jiri," Tak ya maimaita.

"Tun ina yarinya haka nake."

"Ka ji ko?" Hyang-mi ta cafe daga baya. "Mun yi mun yi da ita. Tsofaffi in suka kafe sai haƙuri."

Tak ya juya. Ya wuce kicin, ya durƙusa, ya fiddo tukwanen girki ɗaya bayan ɗaya ya jera a ƙasa, ya haska fitila. Mal-sun ta dafa bango ta fito har bakin ƙofa don ta ji.

"Yallaɓai, boilarka lafiyarta ƙalau. Wancan famfon da aka cire ma lafiyarsa ƙalau. An yi ta ne don ta ɗumama ɗaki huɗu. Kun rufe biyu, kun shaƙe na uku, kun bar mata ƙofa ɗaya, sannan kuka murɗa ta har ƙarshe. Tana dafa ruwa, ruwan ba shi da inda zai bi ya huce, sai ya tsaya yana tafasa a cikinta, ita kuma sai ta kashe kanta kafin ta ƙone. Ko sabuwa kuka sa haka za ta yi. In ka tambaye ni, a gidan nan ita ce ta san abin da take yi."

"To mene ne maganin?"

"A buɗe ƙarin bawul ɗaya, buɗewa sosai, a bar shi."

"Ban da na falo," in ji Hyang-mi. "Piyano."

Du-man ya yi gyaran murya, ya shafa ƙeya. "Injiniya, da ka ce ɗaya... ko wanne ne?"

Tak ya ɗago daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya kalle shi tsawon lokaci. Mutum ne da bai iya ƙarya kan aikinsa ba, kuma an ga alamar a ranar ya so a ce ya iya.

"Inji bai san ɗaki ba, Yallaɓai. Kai ne ka sani."

Ya sa hannu ya murɗa na huɗu har ƙarshe, ya mayar da tukwane, ya rusuna wa Mal-sun fiye da yadda ya rusuna wa maigidan, ya ɗauki jakarsa.

Ta koma ɗaki ta janye katifa ta zauna a kan daɓen tsura. Da farko ba komai. Can sai ta ji wani ɗan ɗumi ya taso ta kusurwar ƙofa, ya matso, ya iso ƙarƙashin cinyarta. Ta shimfiɗa tafukan hannu biyu a ƙasa, ta kwanta ta manna kumatu, hawaye suka zubo mata ba tare da ta yi niyya ba. Wajen minti arba'in ta samu. Daga nan ta ji motar Tak ta bar layin, ta ji an ture tukwanen girki, ta ji ƙiii, sannan wani ƙiii ɗin.

Boila ta warke sarai. Ba a sake ganin jar fitila ba. Ruwan zafi ya koma zagaya ɗakin Da-som, yana gasa gado marar kowa, da takalma goma sha biyu, da wata ƙatuwar 'yar tsana. In Mal-sun ta wuce zuwa banɗaki takan ji ɗumin na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar yana lasar ƙafarta, sai ta rage sauri.

Sau ɗaya ta ajiye kunya ta roƙa. A kan abincin safe ne, ta ce ko za a bar ta ta ɗan riƙa kwana a ɗakin yarinyar kafin sanyi ya wuce. Hyang-mi ta ce ai ɗaki da mai shi, ta kira Da-som ta sa wayar a tsakiyar tebur.

"Kaka, ina sonki sosai, kin sani," muryar ta fito da shagwaɓa. "Amma man zafin nan da kike shafawa in ya kama kaya ba ya fita. Kuma ni ba na son a taɓa min abubuwa. Ki sha magani kin ji? Ina da darasi."

"Kuma wa zai duba min su in kin tashi?" Du-man ya ƙara, yana tauna. "Yanzu ne ma suka fara toho, Omoni. Saura ƙiris. Ba wanda ya san hannunsu kamarki."

A ƙarshen Janairu ya shigo gaisuwa ƙarfe bakwai, ya rusuna, ya duba ma'auni, ya ji daɗin digiri shida. Ya duba tukwanen layin sama ya ga ba a juya su ba, ga shi jiya Talata. Da ya waiwayo don ya yi ƙorafi ne ya lura ba a amsa gaisuwarsa ba. Tana kwance leɓɓanta sun yi shuɗi, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan zarto.

A asibiti suka ce ciwon huhu ne, ya kama duka ɓangarorin biyu. Du-man ya gaya wa likita irin yadda suka sha fama da wata boila marar mutunci duk hunturun nan, ya ce har yana tunanin kai kamfanin ƙara. Likita ya jinjina kai ya ce irin waɗannan kamfanonin sai a hankali.

Ɗakin jinyar gado shida ne, da tsofaffi mata biyar masu minshari da rigima kan talabijin. Mal-sun ba ta taɓa zama wuri mai daɗinsa ba. A kwana na uku ta farka ta ji wani abu baƙo, ta daɗe kafin ta gane gumi ne a wuyanta. Ta cire safa ta kalli yatsun ƙafarta, ta motsa su ɗaya bayan ɗaya. Nas Bong, wata mai faɗin kafaɗa da ba ta cika magana ba, ita ke zuwa safe da yamma ta sa mata ma'auni a kunne ta rubuta lamba a takarda. Ita ce kuma ta shafa mata magani a dugadugan da sanyi ya farfasa, ta tambaye ta ko a gona take kwana.

A kwana na goma sha huɗu likita ya zo da albishir. "Kaka, kin yi ƙoƙari. In zazzaɓi bai dawo ba, jibi Alhamis sai gida. Ɗanki kullum sai ya tare ni a hanya yana tambaya yaushe za a sallame ki. Ba kowa ke da irinsa ba."

Da yamma ɗan ya zo da lemo a leda, da hotuna a waya. Ya zauna bakin gado yana nuna mata toho ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Hyang-mi ta manta taga a rufe kwana biyu, ta kusa kashe shi. Ya ce ya share ɗakin tas, yana nan yadda ta bar shi, ba a taɓa komai ba. Mal-sun ta kalli hotunan ta ce sun yi kyau. Tsoro ne ya kama ta, tsoron ɗakinta, kuma ta ji nauyin a ce mace mai ɗa da jika tana tsoron a kai ta gida.

Ranar Alhamis da safe aka zagayo da butar shayin sha'ir, mai zafi, yana turiri. Ta karɓi kofinta ba ta sha ba. Duk tsawon rayuwarta in ta yi ƙarya don ta rufa wa wani asiri ne, miji ko ɗa, ba ta taɓa yi don kanta ba. Ta ja bargo ta rufe kai, ta manna kofin a kunnenta na dama, ta cije leɓe. Da ta ji takun Nas Bong ta ajiye shi a kan durowa ta lumshe ido.

Nas Bong ta sa ma'auni, ya yi ƙara. Ta duba lambar. Ta dubi kunnen, ja wur kamar barkono, ta dafa goshin ta ji shi da sanyi. Ta dubi kofin da ke cike. Mal-sun ta buɗe ido ta kalle ta, ba ta kawar da kai ba.

Sai ga Du-man a ƙofa, da jakar kayan sallama a hannu da rigar kasuwar nan a kafaɗa.

"Mun shirya?"

"Talatin da tara da ɗigo biyu," in ji Nas Bong, tana rubutawa. "Ya dawo. Ba inda za ta yau."

"Kuma dai? Wane irin zazzaɓi ne wannan, ya tafi ya dawo? Duk likitocin nan ba wanda zai iya gano inda matsalar take?"

"Muna kan bincike, Yallaɓai."

Ya buga tsaki ya fita neman likita, ana jin muryarsa har ƙarshen baranda. Mal-sun ta kamo gefen rigar nas ɗin.

"'Yata, kwana nawa ya rage Maris ya shigo?"

"Sha tara."

Nas Bong ta gyara mata bargo, ta ɗauki kofin ta zubar da wanda ya huce, ta cika shi da sabo daga buta ta ajiye kusa da hannunta. Sannan ta sunkuyo daidai fuskarta ta rage murya.

"Kaka, da yamma ki sa a kunnen hagu. Wannan ya fara tashi."